Inshorar Direban Arewa: Ta Shingen Jandarma Ce, Ko Ta Ranar Hatsari?

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 270 a kan kwalta. Daga Dogon Dutsi zuwa iyakar Najeriya kuwa kimanin kilomita 40 ne, kuma a ƙauyukan bakin iyaka na Dumega da Dankasari, bin sawun akuyar da ta ɓata ma yana iya kai mutum ƙasar waje. Shi ya sa a nan ƙasar Arewa ta Nijar fita waje da mota ba abin dogon shiri ba ne. Ba a bankwana, ba a neman biza. Direba ya yi lodin wake ko albasa da asuba, ya ci kasuwa a Bachaka ko Kangiwa, ya komo ya yi isha'i a masallacin unguwarsu. Ɗan kabu-kabu ya goya tsohuwa zuwa suna a ƙauyen ƴarta, bai ma lura da inda Nijar ta ƙare ba. Amma doka tana lura. Da zarar taya ta taka ƙasar Kabi ko ta Sakkwato, ƴan sandan da za su zo in an yi hatsari wasu ne, kotun wata ce, kuɗin da za a yi lissafin diyya da shi ma wani ne.

A tashar Dutsi, da ta Kore Mai Ruwa, da duk wata tasha da ke kan babbar hanya mai lamba 1, in ka tambayi direba amfanin inshora, ko asiransi kamar yadda aka fi cewa a wajenmu, amsar da za ka fi ji ita ce: don kada jandarma ya tsare ka. Tana jaka ɗaya da sauran takardun mota, kart giriz da bizit da binyet da farmi, wato lasin tuƙi, a miƙa su a dunƙule a shinge, a karɓo su a dunƙule. Mai mota yana sayen mafi araha, mai gajeren wa'adi, wani lokacin daga hannun ɗan kamashon da bai tabbatar ko wakilin kamfani ne na gaskiya ba. Ba ya karanta ta, don da Faransanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe, da bakin lauyoyi. A wurinsa haraji ce cikin haraji. Ni kuwa ina ganin wannan fahimta ce ke jefa gidaje cikin bashi, take kwantar da direbobinmu a ofishin ƴan sandan ƙasar da ba su da kowa, take kuma hana marayu haƙƙinsu. Kuma laifin bai tsaya kan direba shi kaɗai ba.

Nijar tana cikin ƙasashe 14 da suka haɗa dokar inshora guda, wadda ake kira dokar CIMA, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992. Dokar ta fara aiki a 1995, kuma ita ce kamfanoni irin su SNAR-Leyma da CAREN da SUNU da NIA ke aiki a ƙarƙashinta. Sashe na 200 ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, mota ce ko babur, ya sayi inshorar da za ta biya ɓarnar da abin hawansa ya yi wa wasu. Su wa ke nan? Yaron da aka buge a bakin hanya, mai amalanken da aka karya wa ƙafa, makiyayin da aka kashe wa sa, mai shagon da mota ta faɗa wa, da fasinjojin da ke ciki, har da iyalin mai motar in suna cikinta. Waɗannan su ne masu haƙƙi a kan takardar. Dokar ta kuma ce alkawarin kamfani ya game dukan ƙasashen CIMA. Direban Tibiri da ya tafi Benin ko Togo ko Burkina Faso ko Mali ko Cadi, inshorarsa tana biye da shi.

Najeriya ba ta cikin CIMA. Gana ba ta ciki. Aljeriya da Libiya, inda samarinmu ke tafiya bida ta hanyar Agadas, su ma ba su ciki. Wato ƙasar da ta fi kowace kusa da mu, wadda muka fi shiga, inda ƙannenmu da surukanmu suke, ita ce wadda dokar inshorarmu ba ta kai ba.

Ba mu muka ja wannan layi ba, kowa ya sani. A yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 an bi tsakiyar Dallol Mawri da iyaka, aka kewaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka matsar da layin, aka kafa turaku. Ga shi yau akwai Arewa a jihar Doso, akwai ƙaramar hukumar Arewa a jihar Kabi mai hedkwata a Kangiwa, harshe ɗaya, tsagar fuska ɗaya, dokar mota biyu. Yin kuka da wannan tarihi ba zai biya kuɗin asibitin kowa ba, saboda haka mu dubi abin da aka tanada.

Abin da aka tanada shi ne katin ruwan ƙasa na ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, wanda aka fi sani da kart burun. Shugabannin ƙasashen yammacin Afirka ne suka amince da shi a Kwatano ranar 29 ga Mayu 1982, sakatariyarsa kuma tana Lome. Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa. A kowace ƙasa kamfanonin inshora suna da ofishin haɗin gwiwa guda. Idan motar Nijar mai wannan kati ta buge mutum a Argungu, ofishin Najeriya ne zai karɓi maganar, ya bi ta bisa dokar Najeriya, a biya wanda aka cuta, daga baya a nemi kuɗin daga ɓangaren Nijar. Idan motar Kabi ce ta yi ɓarna a Gesheme, sai a juya. Manufar ita ce kada baƙon direba ya zama jingina a hannun ƴan sanda har sai danginsa sun tara kuɗi, kada kuma wanda aka buge ya rasa wanda zai kama don mota ta tsallaka iyaka. Turai tana da irin wannan tsari mai koren kati tun bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashen Larabawa suna da nasu, ƙasashen tsakiyar Afirka ma haka. A Najeriya, tun 1 ga Janairu 2023, da hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar ƙaramar mota ta gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta haɗa katin a cikin wannan kuɗi.

Tsarin bai taɓa tafiya sumul ba. Akwai katunan jabu, akwai jinkirin biya tsakanin ofisoshi, akwai ɗan sandan da za a nuna wa kati ya ce shi bai san zancen ba, a kulle direba da mota duk da haka. Amma gara tsari mai ɗingishi da babu.

A nan ne maganar siyasa ta shigo. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, bayan sun kafa ƙawancen AES. Ɓangarorin biyu sun bayyana cewa jama'a za su ci gaba da shige da fice ba biza. Ba muhawarar ficewa ce ta kawo ni ba, kowa da ra'ayinsa a kai. Abin da nake roƙo shi ne duk zaman da za a yi tsakanin AES da CEDEAO, kada a ɗauki katin nan ƙaramin abu da za a bari sai ƙarshe. A canza masa launi in an so, a canza masa suna in an so, amma kada a wayi gari motar Nijar ta buge ɗan Najeriya, ko ta Najeriya ta buge ɗan Nijar, a rasa ofishin da zai amsa. Ƙasashen uku duk ba su da teku. Abincinsu da magungunansu da kayan gininsu a bayan mota suke zuwa, ta ƙasashen wasu. Ƙasar da haka take, babu wanda ya kai ta buƙatar inshorar da ke tsallaka iyaka. Hukuma kuma ta riƙa faɗa wa direbobi matsayin katin a fili, a rediyo, da Hausa da Zabarmanci, ba a bar su da jita-jitar tasha ba.

Sai dai mafi yawan tafiyarmu ba a kan kwalta take ba. Mashigu na hukuma da kowa ya sani su ne irin Ƙonni zuwa Illela a gabas, da Gaya zuwa Kamba a kudu. Tsakaninsu kuwa akwai hanyoyin burji da na rairayi da na shanu, waɗanda Hilux da tsofaffin Land Cruiser da babura ke bi, su ratsa fadama, su haura dutse, su kutsa tsakanin gonaki. Da damina kwari ya cika, mota ta kafe ko ruwa ya ja ta. Da rani rairayi ya riƙe taya, ko ƙura ta rufe wa direba ido har ya hau garken tumaki. Duk lokacin da aka rufe iyaka, waɗannan hanyoyi sai su ƙara cika. Haka aka gani daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, haka aka sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Inshorar dole ba ta ce sai a kan kwalta ba. Matsalar tana wani wuri. Wanda ya shiga ƙasar mutane ta ɓarauniyar hanya, ba takardar izinin wucewa ta lesefase, ba hatimin kwastan, in ya yi hatsari ba zai iya kiran hukuma ba, don kiran hukuma tona wa kai asiri ne. In ba a kira hukuma ba, babu konsta, wato rahoton hatsari. In babu konsta, kamfani ba shi da abin da zai ɗora biya a kai. Sai direba ya gudu ya bar mutum kwance, ko a tsare shi a ƙauye har mai mota ya sayar da gona. Kuɗin da aka yi tsimi na kaucewa mashiga, ba komai ba ne in aka gwada da abin da ake biya a irin wannan rana.

Akwai kuma abin da masu mota da yawa ba su sani ba. Dokar CIMA ta yarda kamfani ya sa sharaɗi kan direban da ba shi da farmi, da lodin mutane ta hanyar da ba ta da aminci, da ɗaukar kaya masu kama wuta irin jarkokin fetur fiye da ƙima. Idan aka karya sharaɗin, kamfani zai biya wanda aka buge, domin shi ba ruwansa, amma yana da ikon komowa kan mai mota ya ce a biya shi abin da ya fitar. Wanda ya damƙa wa yaron mota tuƙi don direba ya gaji, da wanda ya ɗora mutane a kan buhuna a bayan akori-kura ranar kasuwar Matankari, su san cewa da dukiyarsu suke caca, ban da rayukan da ke bisa.

Ko da takarda ta cika, kati ya cika, an bi mashiga ta hukuma, akwai giɓi babba. Inshorar dole ba ta biyan direban da ke riƙe da sitiyari in shi ya ji ciwo. Ba ta gyara motar mai ita. Ba ta biyan buhunan dankalin turawan Dutsi ko albasar Sukukutan da suka zube a kwalbati. Ba ta san zancen zazzaɓin da ya kwantar da yaron mota a Jega ba, ko kuɗin ɗauko gawa daga Lome zuwa Kiyeshe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tasa inshora daban, da kuɗinta daban. Sannan dokar ta ce, in ba an yi yarjejeniya ta musamman ba, kamfani ba ya biyan ɓarnar yaƙi ko tarzoma. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yau, ga masu manyan motocin da rufe gadar Gaya da Malanbil ya tilasta wa zagayawa ta Togo da Burkina Faso cikin rakiyar soja, da kuma mu da ke maƙwabtaka da Tangaza da Gudu da Augie, inda sunan Lakurawa ya fito fili tun ƙarshen 2024. Duk mai motar da ke bin waɗannan wurare ya tambayi wakilin kamfani baki da baki: in ƴan bindiga suka ƙwace ta ko suka ƙone ta, kuna biya? Ya nemi a nuna masa amsar a rubuce.

Manyanmu suna tuna shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa ƴan yawon buɗe ido ke ratso Sahara daga Tamanrasat, su biyo Asamaka da Arlit da Agadas da Tawa da Ƙonni, su wuce ta gindin dutsenmu zuwa Yamai, wasu su sayar da Peugeot 504 ɗinsu su hau jirgi su koma. Tseren Paris-Dakar, da aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa ƙasar nan. Abin lura game da waɗannan mutane shi ne abin da suke saye kafin su baro gida. Sun san koren katin Turai ba ya aiki a nan, saboda haka suna sayen inshorar mota a bakin iyaka. Amma abin da suka fi ba muhimmanci shi ne na jikinsu: kuɗin asibiti, jirgin da zai ɗauke su in sun karye a inda babu likitan ƙashi, da mayar da gawa gida. Sun zauna sun tambayi kansu mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa, suka biya kuɗinsa tun kafin ya faru. Yau gwamnatocinsu suna yi musu gargaɗi kada su zo yankinmu, kamfanoninsu kuma ba su biyan wanda ya ƙi jin wannan gargaɗi, shi ya sa ba mu ganin su. Mu kuwa da hanyar ta zame mana wurin neman abinci, ba mu da zaɓin daina bin ta.

Ɗan ƙasar nan da zai je Faransa, ba a ba shi biza sai ya nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20. Yana saye ba gardama, don an tilasta masa. Shi wannan mutumin zai hau mota zuwa Akra ko Abijan, kwana biyu ko uku a hanya, ba tare da ko dala ta tanadin asibiti ba, alhali hatsarin hanya ya fi na jirgi nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a, duk da ita ce mai mafi ƙarancin motoci. Wanda ya taɓa raka majinyaci daga asibitin Dutsi zuwa Doso, daga Doso zuwa Yamai, ko aka tsallaka da shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya san yadda karayar cinya ɗaya ke cinye rumbu.

Na san abin da wasu ke cewa a zaure: inshora haram ce, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Wannan magana ta cancanci amsa ta girmamawa, don masu yin ta ba jahilai ba ne. Gaskiya ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikin cinikin. Amma a wannan zama ɗin ta halatta inshorar taimakon juna, wadda ake kira takaful, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, a biya wanda masifa ta faɗa wa, abin da ya rage kuma na masu zubi ne. A Sudan an kafa irin wannan kamfani tun 1979. Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da su. CIMA ma ta amince da dokar takaful a 2019. Hanya a buɗe take, masu kuɗinmu da malamanmu ne ba su bi ta da ƙarfi ba.

Kuma asalin abin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya karanta Risala a gaban malami. Kisan kuskure yana da diyya, raƙumi 100 ko dinari 1,000, kuma shari'a ba ta ɗora ta kan wanda ya yi kuskuren shi kaɗai ba. Ta ɗora ta kan danginsa na wajen uba, su raba a tsakaninsu, su biya cikin shekara 3. Hikimar a fili take: jinin mutum ba ya tafiya a banza, kuma kuskuren rana ɗaya ba ya rushe gida ɗaya. Yau dangi sun watsu, wani yana Legas, wani yana Tamanrasat, babu mai iya tara su su biya diyya. Wani abu dole ya tsaya a matsayinsu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a duk maganar. Idan mota ta kashe mutum a wajenmu, abin da aka saba shi ne mai mota ya ɗauki dattawa, a je gaisuwa, a kai buhun gero da goro da ɗan abin sadaka. Sai babban wa ko baffan mamaci ya ce: mun yafe, kwanansa ne ya ƙare, ba mu cin kuɗin jini. Kowa ya yaba, a yi fatiha, a tashi. Hali ne mai kyau, yana kashe gaba, kuma ba na fatan ranar da za mu rasa shi. Amma a bayan wannan zaure akwai mace mai takaba da ƴaƴa ƙanana, ba a tambaye ta ba. Wanda ya yafe zai koma gidansa, ita ce za ta nemi abin da za a ci gobe. Diyya gado ce, ta magada ce, kuma malamai sun san dukiyar maraya ba a kyauta da ita. Idan motar tana da inshora, kuɗin ba daga aljihun direban da ake tausayi za su fito ba. Daga kamfani za su fito, wanda ya riga ya karɓi kuɗi shekara da shekaru domin wannan rana. A yafe wa direba, kada a kai shi kotu, kada a riƙe shi a zuci, wannan daidai ne. Amma barin haƙƙin marayu ga kamfani ba yafiya ba ce, asara ce da aka jawo wa wanda ba shi da baki. Ina roƙon limamanmu na Juma'a, daga Dogon Kirya har Gesheme, su yi wa jama'a bayanin wannan bambanci.

A kuma sani cewa sulhun da aka yi a ƙofar mai gari ba da sanin kamfani ba, doka ta ba kamfani damar cewa bai ɗaure shi ba. Saboda haka in hatsari ya faru, a gida ko a waje, a fara kai mai rauni asibiti, a kira hukuma ta yi konsta, a ɗauki hoto da waya, a rubuta sunayen shaidu, a sanar da kamfani da wuri. Wa'adin da ke cikin takarda yakan zama gajere, doka ta ce kada ya gaza kwana 5 na aiki, na sata kuwa awa 48 ne. Bayan haka sai a je gaisuwa da dattawa. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kamfanoni kuma su ji tasu. Mutane ba su ƙi inshora don wauta ba. Sun ƙi ta ne don sun ga masu karɓa a kowane gari, ba su ga masu biya ba. Sayar da takarda minti kaɗan ne a bakin tasha. Neman diyya kuwa sai an je Yamai, a kawo takardar haihuwa, a kawo ta mutuwa, a kawo ta gado daga kotu, a kawo ta likita, a dawo wata mai zuwa. Bazawarar da ke ƙauyen Tibiri, wadda ba ta taɓa zuwa Doso ba, ina za ta fara? Da yawa suna haƙura tun kafin su soma. Tun 2011 doka ta ce babu inshora sai an biya kuɗinta, ba bashi. To, tunda an tsaurara wajen karɓa, a tsaurara wajen biya. Duk kamfanin da ke da mai sayarwa a Dutsi, ya kamata ya zama yana da mai karɓar ƙorafi a Dutsi, mai jin Hausa, mai ikon buɗe fayil ya bi shi har ƙarshe. Sharuɗɗan takarda a taƙaita su a shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami. A Najeriya mutum yana iya sa lambar mota a waya ya ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Direban Matankari ma ya cancanci ya iya haka da ƙaramar wayarsa kafin ya miƙa kuɗinsa ga ɗan kamasho.

Giɓin da ya rage, na jikin direba da yaron mota da ciwo a hanya da ɗauko gawa, ba sai mun jira kowa ba. Kakanninmu fatake da suka kai gishirin Foga da kanwa kudu, suka komo da goron Gwanja, ba su tafi ɗaiɗai ba. Ayari yana da madugu, ana tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan hanya daga kowa gwargwadon kayansa, a kowane zango kuma akwai mai masauki da ke tsaya wa baƙo in magana ta taso. Sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, shi ne magajin wannan tsari. Yanzu ma ana karɓar kuɗi a kan kowane lodi, kuma in ɗan uwa ya rasu ana zagayawa da hula. Abin da ya rage shi ne a mayar da hular asusu mai rajista da littafi da masu bincike, a ware wani abu sananne daga kowane lodi, a je da shi wurin kamfani a yi cinikin inshorar jama'a guda ga dukan ƴan tasha. Mutum ɗari sun fi mutum ɗaya baki wajen ciniki. A kuma ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƴan uwansu na ƙungiyar NURTW a Kangiwa da Argungu da Birnin Kabi, ta yadda duk direban da ya shiga matsala a ɗaya ɓangaren, akwai lambar da zai kira, akwai wanda zai zo ya tsaya masa a gaban ƴan sanda da katinsa a hannu.

Shugabannin sandika na Dutsi da Tibiri, wannan aiki naku ne, kuma ba ya buƙatar izini daga Yamai. Kafin kaka ta shigo hanya ta cika, ku kira wakilan kamfanonin da ke sayar muku da takarda, ku kira kwamandan jandarma da limamin gari da ƴan rediyon gari, a zauna a tasha a gaban kowa. Ku tambaye su wace ƙasa takardar ke kaiwa, wa take biya, wa ba ta biya, wa za a kira in abu ya faru a hayin iyaka da dare, kuma mutum nawa suka biya a Arewa bara. Kamfanin da ya amsa, ku kai masa motocinku gaba ɗaya. Wanda ya kasa amsawa, ku daina saye a wurinsa.